Kusurwa ta Uku

A El Alto sanyi ya hana barci.
Nayra ta shimfiɗa takarda mai gida-gida
kusa da masaƙar kakarta.

Huluna a kwance, barguna a tsaye.
Ta ja layi: iyakar ulu.
Ta ja wani: awannin da idon tsohuwa ke jurewa.
Layukan suka gitta juna,
suka killace ɗan fili, ta shafe shi da fensir.

"Riba ba ta zaman tsakar gida, Kaka,
a lungu take fakewa."
Kusurwa ta farko, ta biyu,
a ta uku lissafi ya tsaya:
hula sha takwas, bargo biyar.

Eulogia ko ɗaga kai ba ta yi ba.
"Shekara talatin hakan nake saƙawa.
Ƙaro layi ɗaya, 'yar nan,
na ciwon bayana."