Namijin Gwanda

Taku bakwai ne tsawonsa, na auna,
faɗinsa huɗu, ban da kwata,
tsakanin madafi da katangar Barira,
a nan Gandun Albasa,
unguwar da suna kaɗai ya rage mata na gona.

Nan na kafa mulkina.
Tumatir a buhun siminti,
attaruhu a tsohuwar tayar a-daidaita-sahu,
na'a-na'a a gwangwanin madara,
kuɓewa layi guda a gindin bango.
Alayyahu kuwa ba ya neman izini,
inda ya ga dama nan yake tsira.

Bazara ta shigo da fushinta.
Kafin hantsi kwanon ɗaki ya fara ƙara,
famfo ya yi wata uku bai ce uffan ba.
Ɗanliti mai garuwa ya ƙara wa jarka kuɗi,
ya ce ba laifinsa ba ne, layin burtsatse ne.
Sai na koyi rowa da tsufana:
ruwan alwala, na tara,
ruwan wankin shinkafa, na tara,
bayan la'asar na bi su da moɗa ɗaya bayan ɗaya
kamar mai rabon magani a asibiti.

Uwale tana dariya daga bakin murhu:
"Malam, kuɗin ruwan nan
ai da ya cika mana kwando a 'Yankaba."
Na ce gaskiya ne.
Na ci gaba da ban ruwa.

Ƙadangare ya cinye min latas tun yana jariri,
ya hau katanga yana gyaɗa kai
kamar mai amsa gaisuwa.
Na barbaɗa toka, na kewaye da tsohon gidan sauro.
Wannan na yafe.

Wanda ban yafe wa ba shi ne gwanda.
Daga 'Yan Lemo na sayo uwarsa,
mai zaƙi har yara suka lashe ɓawo,
na shanya irin a kan faifai, na shuka.
Na ba shi takin awaki mafi kyau,
na ba shi ruwan da na hana kaina wanka da shi.
Ya yi tsawo, ya wuce ni, ya leƙa maƙwabta,
tun kaka yake zubo fure
dogo-dogo, fari, kamar jerin tsakiya,
amma ko ɗa guda.
Ashe namiji ne.

Na wasa adda ranar wata Laraba.
Zafi ya hana barci a daren,
babu wuta, fanka ta yi tsit,
muka fito da tabarma tsakar gida.
Can cikin dare iska ta ɗan motsa,
wani ƙamshi ya sauko mana,
ba na turaren wuta ba, ba na lalle ba.
Uwale ta ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Bar shi ya ƙara kwana biyu."
Da asuba na ga zuma ta riga ni zuwa.

Kwana biyu suka zama sati shida.
Adda ta yi tsatsa a bayan ƙofa.

Jiya da yamma gabas ta haɗe rai,
guguwa ta kwashi ledoji ta yi sama da su,
sai ga hannun Barira ta kan katanga
riƙe da gwanda, nunanna, mai nauyin jariri.
Ta ce, "Shekara biyu tawa tana zubar da fure,
bana ta riƙe goma sha ɗaya.
Ku karɓa, na naku ne."

Ban sami abin cewa ba.
Ɗigon farko ya faɗo a kan ganyen kuɓewa,
na biyu a kan goshina,
ƙasa ta saki ƙamshin da take ɓoyewa tun bara.
Uwale ta ruga kwashe shanya,
ni kuwa na kifa moɗa a kan randa,
na shiga neman wuƙa.