Bakwai Mai Karkata

A Olomouc, a ɗakin sama na wani gidan haya,
Vendelín Kroupa ya cinye hunturu uku
a kan jirgin yaƙi guda, tsawonsa bai wuce taƙi ba.
Shekara talatin ya yi yana gyaran taragon cikin gari,
yau hannun da ya saba da sifana
da tsinken sakace yake ɗiga gam.

Kashi ɗaya cikin arba'in da takwas.
Ya ƙirga ƙusoshin fiffike a tsohon zane,
ya huda gurbinsu da bakin allura, numfashi a riƙe.
Koren fentin ne ya hana shi barci.
Hotunan yaƙi baƙi da fari ne, ba sa faɗin launi.
Wasiƙa huɗu ya aika ma'adanar tarihi
kafin a turo masa lambar fenti a 'yar takarda.
Ya dama, ya shafa, ya goge, ya sake damawa,
har ya tsoma burushi a shayinsa bai sani ba.

Ranar baje koli, a zauren wasannin makaranta,
alƙalai uku suka zo da tocila da ma'auni.
Suka leƙa kujerar matuƙi, ga ɗamara, ga agogo,
ɗaya ya ce: kamar an tsaga kara.
Vendelín ya ji wuyan rigarsa ya yi masa kaɗan.

Sai ga tsohuwa a keken guragu, jikarta na turawa.
Drahomíra. Ta sa aka matsar da ita
har hancinta ya kusa taɓa farfela.
Ta daɗe tana kallo.

Ta ce: Na san lambar nan, babana ne makanikensa.
Ina 'yar shekara bakwai nake kai masa miya filin.
Amma jirgin bai taɓa kyau haka ba.
Fiffiken hagu akwai faci,
gwangwanin madara ya yanka ya buga.
Fentin soja ya ƙare tun ƙanƙara ba ta narke ba,
suka roƙi na shingen wani manomi,
kore ne, irin na kokwambar da ta kwana a ruwan gishiri.
Bakwai ɗin nan kuma a karkace take,
hannunsa na rawar ɗari ya zana ta,
matuƙin ya yi dariya, ya ce a bar masa abarsa.

Wane matuƙi? in ji alƙali, biro a hannu.
Mai manyan kunnuwa. Yakan ba ni sukari.
Wata safiya bai dawo ba.
Akwai hoto?
Wa ke da kyamara, yaro? Ko safa ba mu da ita.

Vendelín ya ci na ɗaya.
Ya hau tarago da kwali a cinya, kofi a aljihun kwat.
Daren nan ya ɗauki reza.
Ya kankare fiffiken da ya ci masa wata biyar,
ya yanko faci daga takardar cakulan,
ya buɗe taga, ya jira yatsunsa su ƙage,
sannan ya zana bakwai.

Da shekara ta zagayo alƙalai suka haska tocila,
suka dubi juna, suka rubuta: babu shaida.
Maki goma sha biyu suka zaftare.
Ya waiga yana neman keken, bai gan shi ba.
Jikar ce ta zo ita kaɗai, da baƙin gyale.
Ta sunkuya, ta ga facin, ta rufe baki da hannu.
Can ta ce: Kada in ɓoye maka,
wani lokacin Kaka takan ce fiffiken dama ne.

Yanzu jirgin na kan taga, hanci na duban titi.
Akwai wani sabo a kwali, bai ɓare ledarsa ba.
Da dare yakan buɗe kwalbar kokwamba,
ya ciro ɗaya da cokali mai yatsu,
ya kara ta jikin fiffike ƙarƙashin fitila,
ya daɗe yana dubawa,
sannan ya cinye.