Saura Mutum Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya
ina tsaye bakin tasha a Maraɗi
ina sayar da maƙogwarona:
Ɗan Isa! Jibiya! Katsina!
Saura mutum ɗaya!

Allah ya yafe mini.
Ba a taɓa yin saura mutum ɗaya ba.
Ukun nan na kujerar baya yaranmu ne,
dala ashirin-ashirin muke ba su
su ɗaure fuska irin ta matafiya
har mota ta cika, su zame ɗaya bayan ɗaya.

Jiya da la'asar Tsahara, autata,
ta zo da waya a tafin hannu.
Baba, ta ce, ji abin da ake faɗa
kan jirgin ƙasa, in an gama shimfiɗa ƙarfe.

Wai tikiti a waya za a yanka.
Wai kujera da lamba take,
ba wanda ya riga aza kallabi ba.
Wai ƙofa ita ke rufe kanta,
ba ta jin "dakata, tana alwala."
Buhun aya, buhun wake,
kowanne sai ya hau sikeli.
Jar akuya kuwa, in ji masu jita-jita,
ba ta da masauki a taragon mutane.

Na ce to, Cima mai ƙuli-ƙuli fa,
da ke miƙa kwano ta taga
tana karɓar canji mota na tafiya?
In tagar gilas ce da ba ta buɗuwa,
ta ina hannunta zai shiga?
Wa za a ba ƙullin magani
a ce, don Allah, gidan Illo mai faci,
bayan masallaci, kowa ya san shi?
Ƙarfe na riƙon amana?

Tsahara ta yi dariya.
Ta ce an ce ƙarfe bakwai, to ƙarfe bakwai,
ko da mutum biyar ne a ciki.

Nan na yi shiru.

Don na tuna Barmo, wana,
ranar da muka kwantar da shi a kujerar tsakiya,
cikinsa ya kumbura kamar salka,
za a kai shi asibiti Katsina.
Ni ne ke kira a ranar.
Tun hantsi nake saura mutum ɗaya
har inuwar bedi ta koma gabas.
Bai ce mini komai ba.
Ido kawai ya sa mini ta taga,
yana lasar leɓe.
Kafin Ɗan Isa aka juyo da mota.

Wannan ba na faɗa wa yara.

Yau bayan asuba na hau kabu-kabu
na ce a kai ni inda aka ce hanyar za ta bi.
Ba komai sai fili, da turaku masu jan fenti,
da karan gero da ba a kwashe ba.
Iska na tasowa daga wajen gulbi.
Na tsaya inda nake zaton dandamali zai zauna,
na gyara hula, na yi gyaran murya.

Ba zan zagi jirgi ba.
In ya zo, ya zo da agogonsa.
Sai dai ina roƙon masu shi
su bar wa Cima taga ɗaya,
su bar ɗan wuri ga wanda bai iya waya ba.

Wani yaro mai kiwo ya tsaya yana kallona,
awakinsa jajaye sun watsu cikin kara.
Ban ji kunya ba, na ɗaga hannu:
Katsina! Kano!
Saura mutum ɗaya!

Na duba dama, na duba hagu.
Karon farko ke nan
da ban yi ƙarya ba.