Direban Mazaɓa Guda

A Zengu nake zaune, gindin dutsen nan,
ina ta fama da rediyon da ba ya kamawa.
Jikana ya ce, "Kaka, wa ke wakiltarmu?"
Na ce, da can mazaɓar ɗaya ce tal,
daga rijiyoyin Tanut har gonakin raken Matamai,
kujera guda, mutum guda, ni ke jan motarsa.

Kalla Mutari ne na fari,
mai rubuta koke a bayan kwalin sukari.
Ya rasu da bashin mai a wuyansa.
Sai Ɗan Jimo, baki kamar zuma,
sau bakwai yana alkawarin famfo,
har yau da jarka muke bin layi.
Barira ce ta uku, malamar lakwal.
Tayarmu ta fashe a hanyar Gure,
ta kwana kan tabarmar aro
tana jin kukan masu raƙuma.

Sannan aka zo da taswira da jan alƙalami,
aka yanyanka ƙasar kamar kilishi.
Yanzu depite sun fi yatsun hannu,
kowa da yankinsa, kowa da direbansa.

Ban san sunan namu ba, yaro.
Miƙo mini batir ɗin can.