Nauyin Yatsa

Lantana ta ce, "Baba, zo ka raka ni,
ai kai ka san na'ura."
Ban ce mata tafireta kaɗai na sani ba:
shekara talatin da ɗaya a gindin dalbejiya,
bakin kotun Magajin Gari,
ina buga wa mutane takardar rantsuwa.

Muka hau keke daga Tudun Wada
zuwa wani shago mai sanyin randa.
Yaron shagon, Barau, ya ɗaga murfin da yatsa ɗaya.
Siririya ce, ba ta kai littafin rasit kauri ba.
Na kara kunne, ko numfashi ba ta yi.
Na tambayi kuɗi.
Ya faɗa.
Na ce, "Fili ne a Rigasa, ko kuwa?"
Bai yi dariya ba.

Ƙasan haruffa akwai wani falalen gilashi,
faɗin tafin hannuna.
Lantana ta shafa shi sama-sama,
layi ya fito kamar silin gashi.
Ta ɗan danna, ya yi kauri kamar igiyar guga.
Kafin in gyara tabarau
ta ja katanga, ta huda taga,
ta bar gurbin ƙofa ta gabas.
Zanen gidaje take ci da shi,
ni kuwa har yau haya nake biya.

"Gwada, Baba."
Na kai yatsan da ya saba ratsa kabon uku
har harafi ya fito a takarda ta huɗu.
Allon ya firgita,
ya buɗe mini abubuwan da ban aike shi ba.
"A hankali," in ji ta, "ba ƙusa ba ce."

Amma na ji ya ce ƙas a ƙarƙashin yatsana,
na ce to, wannan aƙalla yana amsa sallama.
Barau ya kashe ta. Ya ce in sake.
Na danna. Shiru.
Na ƙara ƙarfi. Dutse.
Ashe gilashin bai taɓa motsi ba,
wani ɗan abu ne a ciki
yake ƙwanƙwasa wa yatsa amsa don ya ji daɗi.

Ni za a nuna wa ƙarya mai hatimi?
Da hannun nan na mai da ɗan hamsin ɗan arba'in da biyu,
alƙali ya sa hannu.
Sai dai ban taɓa ganin ƙarya mai ladabin wannan ba.

Aibinta ban rufe ba.
Kafofin jona waya biyu ne tak.
Haruffanta ba zurfi, kamar taka ruwan da bai kai idon sawu ba.
In ta tsage, wa zai ɗinke ta a Kasuwar Bacci?
Tawa da man keke da tsinken tsintsiya nake lallashinta.
Batir kam, ya ce daga asuba har lisha,
abin da wutar unguwarmu ba ta taɓa yi mana ba.

"To, Baba, me ka gani?"

Uwarki, Allah ya jiƙanta, takan ce hannuna nauyi gare shi,
ko ƙofa na buga sai maƙwabta sun leƙo.
Ban faɗa ba. Na ce Barau ya kunna.
Na riƙe numfashi,
na sauke yatsan kamar mai taɓa goshin jariri mai zazzaɓi,
na ja.
Layin ya fito siriri, yana rawa,
amma siriri.
Ashe akwai wannan a hannun, babu wanda ya taɓa aunawa.

Na ce, "Saya."
Sannan na zauna wa Barau
har ya rage dubu ashirin, ya ɗora jaka.

A keke ta rungume kwalin, tana kallon hanya.
Ni kuwa har Tudun Wada
ina murza kantar yatsana da babban yatsa,
a hankali.