Awo a Titin Wilson

Wata goma sha ɗaya ina tarawa a gwangwanin madara,
sol dubu uku, babu ɗari da hamsin.
Kowanne ya bi ta ƙarƙashin allurar kekena a Gamarra:
wuyan riga, ƙafar wando, zif ɗin da ya ƙi hawa.
Yau Asabar, hazon teku ya lulluɓe Lima,
ni da Aldair muka sauka daga bas,
takarda a hannunsa, ya ninke ta har ta yi laushi.

Mai walƙiya yake so.
Ya tsaya gaban gilashi kamar an dasa shi,
sandar RAM tana sauya launi, ja, shuɗi, kore.
Na ce, ɗana, wannan na san shi,
ƙyalli ne irin na rigar biki,
bai taɓa hana ɗinki warwarewa ba.

Doña Hermelinda, tabarau a kan karan hanci,
ta karɓi takardar, ta zaro biro daga gashinta.
Ta ce, giga goma sha shida ta ishe ka bana,
amma kar ka ɗauki sanda guda,
ɗauki takwas-takwas, tagwaye daga kwali ɗaya,
hanya biyu ta fi saurin isar da saƙo.
Na gyaɗa kai.
Ko keke sai da zaren sama da na ƙasa.

Sai ta soke layi na uku.
Allon nan ramin DDR huɗu gare shi, kai ka rubuto biyar,
tsagarsu ba wuri ɗaya take ba,
in ka matsa, karyewa za ta yi.
Yaro ya sunkuya yana kallon takalminsa,
shi da ya kwana uku yana bincike a wayata.
Ta ce, ɗago, biyar ta fi gudu, gaskiyarka,
amma ga aljihu irin naku
ku kai rarar kan katin hoto,
can ne wasa yake cin tuwonsa.

Katin ya lashe kusan rabin gwangwanin.
Na ƙirga sau biyu, ban ce uffan ba.

Firosesa matsakaiciya, mai zuwa da fankarta.
Ma'aji tera ɗaya, bai kai tsawon yatsana ba,
har na tambaya ko wasa take mini.

A kan akwatin wuta ne muka yi rigima.
Ya hango wani marar suna, rabin kuɗi,
ya ce, Mama, ai ba a ganinsa.
Na ce, shafin ciki ma ba a ganinsa.
Na taɓa sayen injin keke mai araha,
ya ƙone daren da zan kai riguna ɗari biyu,
warin wayar har yau yana hancina.
Araha ba ta ado. Ɗauko mai nauyin.

Gidan da za a zuba su ciki, baƙi, ba gilashi, ba fitila.
Ya kalle shi, ya kalle ni, ya rungume shi.

Da dare muka kwashe kwanuka daga tebur.
Hannunsa na rawa, sandar farko ta ƙi zama,
ya juya ta, ya ja numfashi, ya danna.
Ƙas!
Irin ƙarar maɓalli in ya samu gurbinsa.
Ta biyu ba ta yi gardama ba.

Fanka ta juya. Allo ya yi duhu, ya daɗe,
har na fara lissafin abin da zan jinginar,
sai haske.
Ya daka tsalle, gwiwarsa ta bugi kujera,
maƙwabciya ta ƙwanƙwasa bango.

Kafin ya rufe murfin na leƙa:
ramuka huɗu, biyu a cike, biyu na jira.
Ya ce, wannan sai baɗi, ko baɗin baɗaɗa.
Ban amsa ba.
Na wanke gwangwanin, na kife shi ya bushe,
akwai wanduna sha biyu da ake jira Litinin.