Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Shekara uku ke nan a Sheffield
ina auna abin da ba a sayarwa.
Ranar farko Farfesa Hollingworth ta ce mini,
tana goge tabarau da gefen riga:
"Hurera, nemo mana inda kuɗin ke kwana.
Manhajar da aka buɗe cikinta,
kowa ya ɗiba, kowa ya gyara, ba ko sisi,
wa ke ci da ita? Wa ke ciyar da ita?"

Na zana jadawali mai gida uku:
shiga, fita, riba.
Na zuba kamfanoni arba'in da ɗaya,
masu ba ka rijiya kyauta
su sayar maka da guga,
masu ba ka ɗaki, hayar mabuɗi kuwa duk wata.
Lissafi ya zauna daram. Na yi barci.

Sai wata Laraba mai yayyafi
na hau jirgin ƙasa zuwa Barnsley
don in ga Desmond Thackray.

Ɗaki ɗaya a saman shagon wanki.
Kyanwa mai ido ɗaya tana gadin taga.
Shekara goma sha tara yana kiwon 'yar manhaja
wadda ƙirga kwanaki kawai ta iya:
ta san shekarar da Fabrairu ke ƙara kwana,
ta san ƙasar da ke ja da agogonta baya.
Bankuna sun jingina da ita, da asibitoci,
kamar yadda soro ke hawa kan azara
bai taɓa tambayar sunan giginyar ba.

Na kunna rakoda. Ta ɗaya, ta biyu, ta bakwai.
Ta goma sha huɗu: "Nawa take kawo maka?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Watan jiya, fam talatin da bakwai,
da wasiƙa daga wani bene mai hawa hamsin,
wai in gyara musu kuskure kafin Litinin.
Ko sannu babu."

Na ce a raina, kura da shan bugu,
ban kai ga gardi ba
ya miƙo mini shayi
yana cewa shi ba wanda ya sa masa takunkumi.
"Tun da Glenys ta rasu dare ya yi mini yawa.
Wani yaro a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba
zai aiko gyaran layi biyu,
in ce na gode, ya ce na gode.
Wannan a wane gida za ki sa shi?"

Na duba gidajena uku.
Ba ɗaya mai tabarmar baƙo.

A garinmu gayya muke ce da wannan.
Amma ko a gayya
mai gona kan fito da ƙwaryar fura,
ya san wanda ya riƙe masa fartanya.
Nan masu gonar sun yi dubu,
rumbunansu na taɓa gajimare,
manomin kuwa ɗaya ne, kuma gwiwarsa ta fara ciwo.

Na rubuta. Aka tace, aka maido, aka sake tacewa.
Wata goma sha ɗaya mujallar ta karɓa,
ta rufe binciken buɗaɗɗen abu da kwaɗo:
mai son karantawa, fam talatin da tara.
Watan Desmond ɗungurungum
bai isa ya karanta kansa ba.
Saura fam biyu.

Na buga shi a takarda da dare, shafi ashirin da shida,
na rufe da ledar burodi saboda ruwa,
na sake hawa jirgin nan.

Ya karanta a tsaye, kyanwar na zaga ƙafarsa.
Bai ce komai kan riba ba,
bai ce komai kan jadawali ba.
A shafi na tara ya tsaya,
ya laluba aljihu ya ciro fensir.
"Kin rubuta Talata. Laraba kika zo."
Ya gyara da ƙaramin rubutu a gefe,
ya miƙo mini.

Na ce, nawa ne?
Ya ce, shayinki zai huce.